Ƙafafun Don Evaristo

Kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su hauro daga garin San Pedro da asuba, Don Evaristo Ayavire ya riga ya sha shayin ganyen koka, ya ɗauki sandarsa ya shiga filin maɓuɓɓugan ruwan zafi. Yana tafe yana ƙwanƙwasa ƙasa. Inda ya ji ta yi amo kamar ƙwarya, ya san ɓawo ne kawai, tafasasshen ruwa na ƙarƙashi, sai ya jera duwatsu ya yi iyaka. Ni mai ɗaukar hoto ne, a filin nan nake cin abinci, kuma tun ina saurayi nake ganin mutumin nan yana gadinsa.

Ladansa zagi. Kowa ya zo yana son hoton wani kududdufin filin mai launin kore da ja da ruwan ɗorawa, kowa yana son tsayawa cikin tururi lokacin da ruwa ya yi tsartuwa sama.

"Kai tsoho, kauce, ka ɓata mini hoto!"

"Ranku ya daɗe, hoto ana sakewa," haka yake ce musu. "Fata fa?"

Bara wani mai hoto ya zo daga Santiago da ango da amarya. Rodrigo ake ce masa, da gemu da tabarau da baƙin girman kai. Ya ce wa amaryar, Maite, ta tsallake duwatsun.

"Ɗana, wurin nan ba ya ɗaukar mutum," in ji Don Evaristo.

"Baba, ka taɓa riƙe kyamara? To je ka yi gadinka. Maite, ƙara matsawa baya. Kaɗan. Yauwa!"

Ƙasar ta burma. Yarinyar ta zurma da ƙafa ɗaya, doguwar rigarta ta jiƙe tana janta ciki. Angon ya daskare. Mu da ke nesa muka rugo, amma tsohon ya riga mu. Ya faɗa har gwiwa, ya rungumo ta, ya cilla ta kan busasshiyar ƙasa, sannan ya rarrafo waje. Da muka cire masa takalma, fatar ta biyo safa.

Rodrigo kuwa bai sauke kyamara daga idonsa ba. Da kunnena na ji tana ƙyas-ƙyas.

Ni da Doña Hermelinda mai sayar da shayi muka kai shi asibitin Calama a bayan motata. Duk hanya bai yi kuka ba. Abin da yake ta tambaya ɗaya ne: "Yarinyar za ta taka?"

Ta taka. Shi ne bai ƙara sa takalmi ba. Hoton da Rodrigo ya ɗauka ya zaga duniya, an rubuta a ƙasansa "wani mazaunin yankin." Wani! Kamfanin yawon buɗe idon da ya kawo ango da amarya ya ce mai gadi bai yi gargaɗi ba. Muka je gaban masu kula da filin mu da yawa muka ba da shaida, aka saurare mu, aka gode mana, aka kuma sallame shi daga aiki saboda ƙafafun ba sa iya tsayuwa. Ango da amarya ko gaisuwa ba su aiko ba.

Don Evaristo, kai ne katangar da ake zagi ana fakewa a bayanta. Kai ne ka ba da ƙafafunka don 'yar da ba ka haifa ba. Na kai maka wannan fushin nawa gida a Caspana, na same ka zaune cikin gonar dankali, ka ce, "Lautaro, bar ɓata ranka. Wanda ya gaje ni, an nuna masa inda ƙasar ta yi laushi?"

Mun gode, Baba. Mu da muka gani ba za mu yi shiru ba.

Ku matasan da ke gadin filin yanzu, ku hana mutane tsallake duwatsu kamar yadda ya yi, ko za su tsine muku. Ku kuma sauran, mutumin nan yana raye, hanyar Caspana ba ta da nisa. Ku je ku gaishe shi yanzu da zai iya amsawa. Kada ku jira ranar jana'izarsa ku zo mana da furanni.