Gudumar da Ta Faɗo a Ɗakin Gwaji

Ranar Laraba, tara ga watan nan, ina shago ina haɗa ƙafar kujera sai 'yata ta kira ni. Ta ce, "Baba, Injiniya ya rasu." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni kafinta ne. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, kuma malaman ne suka riga ni gajiya. Masu ilimi su yi mini uzuri, akwai abin da ya wajaba in faɗa a kan bawan Allahn nan.

Injiniya, kai ne mai kula da ɗakin gwajin da 'yata ta yi aikin digirinta na biyu. A kan wasu baƙaƙen alluna take bincike, marasa nauyi, waɗanda ake yi da zare da gam hawa-hawa, irin na fiffiken jirgin sama. Halinsu shi ne in abu ya buge su, sai hawan ciki su rabu da juna, waje kuwa sumul. Ita sai ta manna wa allo 'yan na'urori kamar maɓallan riga, ta ƙwanƙwasa shi, kwamfuta ta zana yadda yake karkarwa, daga nan ta nuna inda ɓarnar ta ɓuya. Ranar da ka nuna mini na ce, "Ai haka muke yi wa katako da ɗan yatsa, ba wanda ya ba mu digiri." Ka yi dariya ka ce, "Shi ya sa na kira ka, Baban Dokta. Kantar ajiye kaya muke so ka kafa mana a bango."

Wajen kafa kantar nan ne, ina kan tsani ni kaɗai, guduma ta suɓuce mini ta faɗa kan wani allo. Na sauko, na shafa, na hura, ko ƙwarzane babu. Na kwashe kayana na yi gum. Ashe shi ne lafiyayyen allon da ake gwada sauran da shi.

Sati uku yarinyar nan ba ta cin abincin kirki. Ta ce na'urarta na nuna ɓarna a allon da kowa ya san lafiyarsa lau, ke nan dabararta ƙarya take yi, wahalar shekara biyu ta tashi a banza. Har takardar barin karatu ta rubuta. Ni kuwa ina gefe ina cewa, "Ki dage da addu'a, Uwata." Kunya ta ɗaure mini baki.

Wata Asabar sai ga ka a shagona. Ka zauna a benci, ka yaba wata kujera da ni kaina na san a karkace take. Can ka ce, "Baban Dokta, wurin da na'urar ke nunawa daidai ƙarƙashin kantarka yake. Guduma ce ko sukundireba?"

Na ce, "Guduma."

"Babba ko ƙarama?"

"Wadda ka sani."

Ka ce, "Alhamdu lillahi. Ashe 'yarmu gaskiya ta gano."

Ranar Litinin ka hana ta miƙa takardar. Ka sa ta zana da'ira a inda take zargi, ka yanka allon a gaban farfesanta. Ga rabuwar nan a ciki, faɗin kwabo, tsakiyar da'irar. Da aka tambaye ka yadda aka yi, cewa ka yi, "Wani abu ne ya faɗo masa." Shekara huɗu ke nan ba ka ƙara ko kalma ɗaya a kai ba. Duk sanda muka haɗu sai dai ka tambaye ni ya kasuwa, ya kuma guduma.

Yau 'yata malama ce, tana koya wa wasu wannan dabara. Uwata, na san za ki karanta. "Wani abun" nan mahaifinki ne. Ki yafe mini sati ukun nan.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinsa da 'ya'yansa da duk ɗaliban da suka ratsa ɗakin nan. Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Ya Allah, bawanKa ya rufa wa wani kafinta asiri a gaban 'yarsa. Ka gafarta masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka rufa masa nasa a ranar da babu mai rufawa sai Kai. Amin.