Zaren da Dela Ta Ajiye

Tun garin Dakoro bai kafu ba, an yi wata mata mai suna Dela a wani ƙauye kusa da Kornaka. Daga gulbin Maraɗi iyayenta suka hauro neman ƙasar noma, ita da yayanta Jimrau suna ƙanana. Ita ta tashi da kaɗi, shi da saƙa. Auduga ba ta son ƙasar nan, sai fatake sun kawo ta daga kudu. Dela takan gurje ta, ta shiɓe, ta dangwali alli ta murza mazari. In zare ya taru ta kai wa Jimrau gindin aduwar da ya kafa masaƙarsa.

Wata shekara ruwa ya ɗauke, gero ya ƙone a gona. Jimrau ya bi ayari zuwa ƙasar Kano, inda aka ce masaƙi ba ya rasa tuwo. Da zai tafi ya ce, "Ki riƙa ajiye mini mai kyan, ƙanwata. Ni zan saƙa miki gwado in na komo."

Dela ta riƙe maganar. Tana sayar da zare don cefane, amma kowace kaka sai ta ware mafi kyau ta jefa cikin wata tsohuwar randa. Ta yi aure, ta haihu, ta aurar. Duk ayarin da ya sauka sai ta je tambayar labarin Jimrau. Wani ya ce ya gan shi Kura wajen marina, wani ya ce Zazzau.

Ta riga ta tsufa sosai ranar da ɗiyarta Azara ta buɗe randar ta tarar gara ta fara ci daga ƙasa. Dela ta yi ta juya abin a ranta, kana ta ɗauki abin da ya tsira ta kai wa Badaru, masaƙin garin, ya saƙa gwado.

Badaru ya warware ya duba. "Goggo, wannan ai zaren mata biyu ne. Wa kika yi wa sata?"

"Kakarka na yi wa. Duk hannuna ne, marar kunya."

Ya ɗora zaren iri biyun a tafin hannunta. Ɗaya siriri kamar yanar gizo, na ƙuruciyarta. Ɗayan mai kauri da gudaji, na shekarun da idonta ya dushe. Ba ta taɓa lura ba. Ta daɗe tana shafa su da yatsa.

"Shi ke nan ba za su haɗu ba?"

"Za su haɗu. Siririn a tsaye, mai kaurin a kwance."

Kullum tana zaune gefensa yana saƙa, tana mita. "Jimrau ba haka yake jefa ƙoshiya ba."

Da aka ɗinke gwadon ba ta yafa shi ko sau ɗaya ba. Ta miƙa wa madugu Abarci da zai yi kudu. "In ka samu Jimrau, ka ba shi, ka ce na jira. Gara ce ba ta jira ba."

Da ayarin ya komo, Abarci ya ce bai ga Jimrau ba. Ya dai bar gwadon hannun wani marini a Kura, wanda ya ce ya san wani tsohon masaƙi ɗan arewa mai wannan suna.

"Tsoho?" in ji Dela. "Jimrau ɗin?"

Ta yi 'yar dariya, ta goge ido da gefen zane. Ba ta ƙara tambayar komai ba.