Garin Saiwar Da Na Kai Wa Yayata

Shekarun baya, lokacin ina jan wata tsohuwar mota tsakanin Gusau da Tsafe, na kusa kashe matar da ta goye ni. Da hannuna nake auna mata abin a cokali, ina yi mata sannu. Na daɗe ban ba da labarin nan ba. Yau dai na ga gara in faɗa, ko wani mai irin kaina zai ji. Ku yi haƙuri da rubutun, a aji huɗu na firamare na tsaya.

Yayata ce. Mahaifiyarmu ta rasu ina rarrafe, ita ta ɗauke ni, har gidan aurenta a Rawayya da ni ta tafi. Yau da furfurata ma Auta take ce mini. A shekarar da nake magana mijinta ya riga ya rasu, sai ga wani ƙullutu ya fito mata a nonon dama. Ta ɓoye har ya kai girman goro. Da na kai ta asibiti a Gusau suka ɗebi ɗan nama da allura suka aika, sakamako ya dawo cewa ciwon daji ne. Suka rubuta mana takarda zuwa babban asibiti a Sakkwato, suka ce a je a cire tun bai yi nisa ba.

Yaya ta ce ba inda za ta. Kun dai san maganar mutanenmu, wai daji ba ya son ƙarfe, in wuƙa ko allura ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Ta ce ɗan naman da suka ɗiba ma shi ya sa abin ya ƙara girma. A baki ina lallashinta, a zuci ni ma haka na yarda. Takardar ta yi zamanta a aljihun mota.

Ana cikin haka wata malamar jami'a ta ɗauke ni shata na kwana uku. Dakta ake ce mata, amma ba ta asibiti ba ce, ta bincike ce. Ita da ɗalibanta muka shiga dajin Bungudu, wani tsohon makiyayi yana nuna musu itatuwa. Su haƙi saiwa, su ɗebi ƙasar gindin itacen a leda, su rubuta lamba su manna. Zaman mota ya ishe ni, sai na karɓi diga ina taya su.

Rana ta biyu na tambaye ta me za su yi da wannan shara. Ta ce akwai wata saiwa a ciki da suka taɓa jiƙawa suka tace, suka ɗiga ruwan a kan ƙwayoyin ciwon daji da suke renonsu a ɗan farantin gilashi, sai wasu ƙwayoyin suka mutu. Ta nuna mini itacen. Ba zan faɗi sunansa ba, kada ku tambaye ni a ƙasan rubutun nan. Ina jin ta ga yadda na tsaya da digar, don nan take ta ƙara da cewa:

"Malam, kada ka ɗauka magani ne fa. Ko kalanzir ka zuba musu a farantin nan mutuwa za su yi. Ka taɓa ganin an ba mara lafiya kalanzir? Sai an gano wane abu ne a cikin saiwar, nawa ke kashe cuta, nawa ke kashe mutum. Aikin shekaru ne."

Na ce haka ne, Dakta. Kunnena kuwa rabin maganar ya ɗauka, rabin da nake so. Ban gaya mata zancen Yaya ba, don na san abin da za ta ce.

Sati na zagayowa na koma dajin ni kaɗai na haƙo rabin buhu. Na wanke, na daddatsa, na shanya a kan kwanon ɗakina a Tudun Wada. Da ta bushe sai ta koma kamar ƙashi. Matata ta gwada turmi, ta ajiye taɓarya ta ce in nemi wani, ita tana son kafaɗarta. Na zaga masu injin niƙa uku a unguwa, duk suka ƙi. Gaskiyarsu ce, saiwar ɗaci gare ta, in ta bi ta inji duk wadda ta kawo geronta bayan nan kunun maɗaci za ta sha, su kuma su sha zagi.

Sai na tuna da abokina da ke wani ƙauye a bayan Tsafe. Da can hatsi yake niƙawa, da haƙar zinare ta yi ƙarfi ya koma niƙa wa masu haƙa dutse. Na ce injin da ke cin dutse, saiwa me ce a wurinsa? Na same shi fari fat da ƙura har gira. Ya zuba kwanon dusa ɗaya ya wanke injin, yadda ake yi in za a sauya daga masara zuwa dawa, sannan ya juye saiwata. Garin ya fito da laushi, ɗan toka-toka, yana ɗan ƙyalli a rana. Ya ce, "Mutumina, in ka ga zinare a ciki rabi nawa ne." Muka yi dariya. Ni har godiya na yi masa sau biyu.

Na kai wa Yaya a gwangwanin madara. Na ce mata wannan ba na masu tallan lasifika ba ne, na 'yan jami'a ne, da idona na ga Dakta tana haƙa. Ta yi murna har da ƙwalla. Cokalin shayi ɗaya a kunu, safe da yamma, ni na yanka wannan ƙa'idar, kamar wani ya koya mini.

Wata na biyu cikinta ya fara murɗawa. Bayan gida ya ɗauke, sai ta yi kwana huɗu. Kai ya yi ta sara. Matar da ba ta faɗa ta koma yi wa kaji tsawa, ta ajiye abu ta manta inda ta ajiye. Da ta yi mini ƙorafi, kun san me na ce? Na ce magani ne ke faɗa da cuta, alamar ya kama ke nan. Na ƙara mata zuwa cokali biyu. Ƙullutun yana nan, amma in na tambaye ta sai ta ce kamar ya yi laushi, ni kuma in ce alhamdulillahi. Kowa yana yi wa ɗan'uwansa ƙarya don kada ya karya masa zuciya. Haka muka ci wata huɗu.

Abin da ya cece ta son a yaba mini ne. Dakta ta kira ta ce saiwar nan ta ƙare musu, ga jarrabawa ta riƙe ta, ko zan haƙo in kawo? Na ce ai ma na rage mata aiki. Na ɗebi garin da ya rage a gida na kai mata ofis, ina jin kaina kamar wani ɗalibinta. Ta ɗan ɓata fuska ta ce ɗanya ta so, amma ta karɓa.

Bayan kwana goma, da safe ina lodi a tasha, saura mutum ɗaya mota ta cika, wayarta ta shigo. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta tambaye ni inda na haƙo. Na ce gindin da muka haƙa tare. Ta ce to ba daga ƙasar ba ne, don duk abin da suka ɗebo sai sun auna shi saboda gubar wuraren haƙar ma'adinai, kuma saiwar farko da ƙasarta lafiya lau suke. Wannan garin kuwa cike yake da dalma. Ta ce ta sa an sake aunawa, don ta ɗauka na'urar ce ta lalace.

"A ina aka niƙa shi?"

Na faɗa mata. Sai ta ce:

"Malam, ka gaya mini tsakani da Allah. Akwai wanda ya sha garin nan?"

Na ce babu.

Wallahi haka na ce. Mutum mai 'ya'ya shida, a tsakiyar tasha, na ce babu. Ta ce to alhamdulillahi, kada kowa ya taɓa shi, ko shaƙa. Na shiga mota na tayar.

Duk ɗan Zamfara ya san gubar dalma, mun ji abin da ta yi wa yara a garuruwan masu haƙa. Ni a kaina ta yara ce, ta kuma can nesa ce. Ina tuƙi ina lissafi: cokali biyu da safe, biyu da yamma. Yanzu Yaya ta riga ta sha na safe. Na yamma yana jiran la'asar. Wani dattijo a gaba ya ce, direba lafiya, ka taka layin tsakiya sau biyu. Ban kai rabin hanyar Tsafe ba na gangara gefe, na tsayar da motar wani ɗan tasharmu na juye masa fasinja, suna ta zagina. Na kira ta. Na ce Dakta ƙarya na yi, yayata ce, wata huɗu, kuma tana da dajin nono.

Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta ce in tafi yanzu in karɓe gwangwanin, in ɗaure shi a leda biyu, kada in zubar a tsakar gida, in taho da Yaya asibiti yau ɗin nan, ita za ta same mu a can da takardar awon.

Na juya. Wayar Yaya a kashe, kamar kullum, sai ta tara caji ake kunnawa. Na ratsa Gusau ban san ta inda na bi ba. Na shiga Rawayya ana kiran azahar.

Na tarar da ita a kan tabarma ta dunƙule, ta danna filo a ciki. Na ce ina gwangwanin. Ta ɗago ta dube ni.

"Mi za ka yi da shi?"

Na ce zan sauya mata da wani mai kyau. Ta ce ƙarya nake, tun ina yaro in zan yi ƙarya ƙasa nake kallo. Ta jawo gwangwanin daga ƙarƙashin filo ta rungume. Ta ce ta gane, likitoci ne suka zuga ni in raba ta da maganinta don a kai ta a yanka. Ta ce wahalar da ta sha wata huɗu ba za ta tashi a banza ba, yanzu da abin ya kama.

Na durƙusa. Babu wata hanya sai faɗin abin da sunansa.

"Yaya, ba magani ba ne. Guba ce. A injin dutsen zinare na niƙa, dalma ce kike sha. Ciwon cikin nan ni ne. Kuma Dakta ba ta taɓa cewa a sha ba, ni na ƙara wannan."

Ta dube ni. Sannan ta ce, a hankali, "Auta, kai da kanka ka ce in ƙara cokali."

Na ce ni ne.

Ta ajiye gwangwanin a ƙasa tsakaninmu, ta ce in miƙo mata mayafinta. Muka kama hanyar Gusau.

Awon jini ya nuna abin da Dakta ta faɗa. Jininta ya yi ƙasa sosai, ƙoda ma ta fara jin jiki. Suka ce ba za a taɓa nonon ba sai an fara fitar da gubar, da wani magani mai kamo dalma ya fitar ta fitsari. Wannan ya ci wasu makonni, dajin kuma bai tsaya jiranmu ba. Na koma na gaya wa abokina mai inji. Ya ce shi shekara nawa yana shaƙa bai mutu ba. Iyakar abin da na samu ya daina barin mata su kawo masa hatsi in layin dutse ya yi sauƙi, don ashe yana yi.

Ranar da za a yi aikin a Sakkwato aka kawo takardar da ɗan'uwa zai sa hannu. Babban ɗanta yana tsaye, mai digiri, ya miƙa hannu zai karɓi biro. Yaya ta ce a'a.

"A ba Auta. Shi ya fara wanga aiki, shi zai ƙarasa."

Ban san ko yafiya ce ko hukunci ba, har yau ban tambaya ba. Na sa hannu. Aka cire nonon gaba ɗaya, har da kaluluwar hammata. Daga baya na tare likitan a baranda na tambaye shi, da mun zo tun ranar da aka ba mu takarda fa? Ya ce rai na Allah ne, amma da wuya aikin ya kai hammata. Ban ji haushinsa ba. Ni na tambaya.

Ba zan ce muku itatuwanmu ba su da amfani ba. Dakta tana nan tana bincikenta, na ji sun ware wani abu daga saiwar suna gwadawa a kan ɓeraye, har yanzu ba su kai ga mutum ba. Su da na'urori da karatu suna tafiya a hankali, ni da diga da gwangwanin madara na riga su isa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban yi don mugunta ba. Da mugu ne ya kawo mata garin nan, da ta bincika. Don ni ne ta shanye.

Yaya tana raye. Duk bayan 'yan watanni ake duba ta, kuma ranar ba na ɗaukar fasinja, ni ke kai ta. Ina zama a benci a waje har ta fito. Ba na tambayarta me likita ya ce, fuskarta nake karantawa tun daga ƙarshen baranda. Zuwa yanzu dai, in ta iso, faɗa take fara yi mini don na ajiye mota a rana kujera ta yi zafi.