Don Misael da Hanyar da Mota Ba Ta Shiga

Makullin cocin Suravita yana hannun Don Misael Tibaduiza tun kafin in kama aikin akawu a ofishin ƙaramar hukuma, kuma har yau yana rataye a wuyansa. Shi ba Fada ba ne, ko firamare bai gama ba. Aikinsa shara da kaɗa ƙararrawa da kunna kyandir da korar tantabaru daga rufi. In damina ta wuce, sai ya kwaɓa ƙasa da kashin doki ya liƙe duk inda bango ya buɗe baki, ya bi da farar ƙasa, yadda mahaifinsa ya koya masa. Ginin ƙasa ne tun na zamanin Sifaniyawa, kaurin bangonsa ya kusa gaba guda.

Tsohon layin dogo ta bayan cocin ya bi, dab da bango. Da jirgi ya daina zuwa aka kwashe ƙarafan, sai ya bar shimfiɗaɗɗiyar hanya mai ratsa gonakin dankali, ta haɗa ƙauyuka huɗu, kowane da tsohon cocinsa: Suravita, San Isidro, Santa Bárbara da Las Nieves. Fada ɗaya ne ke zagaya su. Don Misael kan riga shi isa a kan baƙin kekensa mai nauyi, wanda ba shi da giya ko ɗaya, da kayan bagade a ɗaure a kariya. Duk karnukan hanyar sun san ƙarar sarƙarsa, ba sa ma ɗaga kai.

'Ya ɗaya Allah ya ba shi, Edilma. Uwarta, Doña Tránsito, ta rasu tana ƙarama, shi ya yi renonta. Da ta girma ta auri Nemesio, wani saurayi mai ƙwazo amma mai saurin fushi, suka zauna a filin da ta gada daga uwarta suna kiwon shanun madara. Gidansu da na Don Misael shinge ne kawai tsakani. Kullum da safe ita ke miƙo masa ruwan mazarƙwaila mai zafi da ɗan cuku ta saman shingen.

Matsalarsu ɗaya ce, motar madara ba ta shiga Suravita. A kan kwalta take tsayawa, can mararraba, tafiyar kusan sa'a guda a ƙafa. Don haka da gwamnatin jiha ta ce za ta gyara tsohon layin, kuma jama'a su zaɓa, ko a faɗaɗa shi a zuba tsakuwa motoci su bi, ko a shafe shi siriri a bar wa kekuna da masu ƙafa, kowa ya ɗauka maganar ta ƙare tun ba a fara ba.

Don Misael bai ɗauka haka ba. Makonni ya yi yana zagaya ƙauyukan nan, yana tsayawa a ƙofar coci bayan addu'a, yana shiga ɗakunan girki. Tsofaffin mata ya fi nema. Ranar taro a makarantar Suravita ni aka turo in rubuta abin da aka tattauna, saboda haka abin da zan faɗa a nan da kunnena na ji.

Don Misael ya miƙe da hularsa a hannu ya ce, “Lokacin jirgi ina yaro. Duk wucewar da zai yi sai ƙasa ta zubo daga rufi a kan bagade, mahaifina ya bi da tsumma. Tsagar da ke bayan bagade ta jirgi ce, har yau ni ke ciyar da ita. Jirgi sau ɗaya yake wucewa a yini. Manyan motocin dankali kuwa in suka samu hanya, ba dare ba rana. Bangon nan ba zai kai shekara biyar ba.”

Doña Herminda mai kanti ta ce daga baya, “Don Misael, waliyyan nan naka da ke ciki, su za su sayi madarar ne? In su ne, a gaya musu su riƙa biya ranar Asabar.”

Aka yi dariya. Shi ma ya murmusa.

Nemesio bai yi dariya ba. Ya ce, “Don Misael, da girmanka. Kai makulli kake ɗauka, bai da nauyi. Ni garwa nake ɗauka.”

“To ka bar mini garwar,” in ji Don Misael. “Madarar gidanku ni zan riƙa kai ta mararraba kullum. Ku shaida, kai kuma akawu ka rubuta.”

“A kan wannan tsohuwar akuyar taka?” in ji Nemesio, yana nufin keken.

“Akuyar ta girme ka, kuma ba ta taɓa makara ba.”

Na duba wajen Edilma. Kanta a sunkuye, tana gyara wa jaririyarta mayafi. Da aka ce a ɗaga hannu, tsofaffin matan ƙauyuka huɗu suka ɗaga wa Don Misael, wasu mazan ma suka bi matansu. Ya yi nasara da ɗan rinjaye. Kafin shekara ta zagayo an shafe hanyar sumul, an kafa turakun kankare a kowace mashiga, tsakaninsu daidai wucewar keke ko jaki.

Ya cika alkawari, kuma ba na wata ɗaya ko biyu ba. Ya sa maƙeri ya ƙera masa ƙugiyoyi a kariya. Da sassafe, cikin sanyin da ke sa yatsu su ƙage, zai rataya garewanin, ya yafa bargonsa na ulu, ya taka. In na fito zuwa ofis nakan gamu da shi yana dawowa, garewani wayam suna ta ƙara a bayansa. Wasu maƙwabta ma suka riƙa ɗora masa tasu, bai taɓa cewa a'a ba. Shekara takwas yana wannan.

A cikin shekarun nan hanyar ta yi suna. Ranar Lahadi sai ka ga mutanen biranen Tunja da Bogotá sun ɓullo ayari-ayari, cikin matsattsun kaya masu launi, a kan kekunan da za ka ɗaga da yatsa biyu. Su jingine su a bangon coci, su shiga suna ƙwas-ƙwas da takalmansu, su ɗauki hoton rufin da na waliyyai, su wuce San Isidro. Doña Herminda ta fitar da tebura waje tana gasa wainar masara da cuku. Wani ya buɗe wurin faci. Masu ɗakin da ba kowa suka sa gado suna karɓar baƙi. Jiha ta turo magina suka sake wa cocin rufi.

Masu shanu ne kawai abin bai taɓa ba. Ɗan keke yakan sha kofi da madara, amma ba ya shanye garwa.

Sai gwiwar Don Misael ta dama ta fara ciwo. Da fari yakan sauko ya tura keken a ɗan hawan da ke kusa da gada. Daga baya ya riƙa isa mararraba motar ta riga ta wuce, ya juyo da madarar rana na dukanta. Edilma ta yi cuku da ita har gidan ya rasa inda za a ajiye. Nemesio ya karɓi jigilar, amma mai tatsa ba zai zama mai kai wa ba, shi ma makara yake yi. Ya ari babur, 'yan keke suka kai ƙara, ɗan sanda ya tare shi a turaku. Wannan takardar ƙarar ta bi ta teburina. Ana cikin haka wansa ya aiko daga Bogotá cewa akwai aikin gadi a wani gidan bene, har da ɗaki.

Wata Talata Don Misael ya shigo ofis yana ɗingishi. Bai taɓa shigowa ba sai dai in takardun coci ne. Ya ƙi zama sai da na matsa.

“Sumercé,” ya ce, wato ranka ya daɗe, don haka yake kiran kowa ko da ya haife shi, “abin da aka ɗaga wa hannu, ana iya sauke shi?”

“Wane abu, Don Misael?”

“Turakun nan.”

Na ajiye alƙalami. Ya ce Edilma ce ta yi masa magana jiya ta saman shinge. Ba faɗa ta yi ba. Cewa ta yi, “Baba, in mota ba ta shigo ba kafin Kirsimeti, za mu sayar da shanun.” Ta miƙa masa ruwan zafinsa ta koma ciki.

Na gaya masa gaskiya: sai an sake taron ƙauyukan huɗu, in an samu rinjaye a rubuta wa jiha, ita ma ba lalle ta yarda ba. Ya ce a kira taron.

Ya sake zagaya hanyar, da gwiwa ɗaure da tsumma, yana warware abin da ya ƙulla. Wannan ban gani da idona ba, amma mai riƙe da cocin Santa Bárbara ya ba ni labari. Ya ce yawancin tsofaffin matan da suka ɗaga masa hannu suna maƙabarta, 'ya'yansu kuwa sai su zaunar da shi, su kawo masa waina, su gode masa. In ya faɗi abin da ya kawo shi sai su ɗauka wasa yake yi.

Taron ya fi na farko cika. Da Don Misael ya miƙe, kafin ya buɗe baki aka fara tafi. Ya jira aka gama, sannan ya ce yana roƙon a cire turakun a bar motar madara ta shigo, ko da ita kaɗai ce, ko da sau ɗaya a yini.

Doña Herminda ta ce, “In ta madara ta shigo, ta dankali za ta ce ita 'yar wa ce? Don Misael, kai ka koya mana wannan karatun. Ni da na yi maka dariya, yau ɗana yana jami'a da kuɗin waina. Ka zauna ka huta, ka gama naka.”

“Gwiwar ce ta hau masa kai,” wani ya ce. Aka yi dariya, ba ta mugunta ba.

Mai wurin faci ya ce, “To bangon fa? Ba ka ce ba zai kai shekara biyar ba?”

Don Misael ya juya hularsa a hannu. Ya ce, “In zai faɗi ya faɗi. Ƙasa ce.”

Fada, wanda ke zaune a gaba, ya dubi ƙasa. Na rubuta maganar yadda ya faɗe ta.

Hannayen da suka tashi masa ba su cika benci ɗaya ba: nasa, na masu shanu uku ko huɗu, da na Edilma. Nemesio ma bai zo ba, ya riga ya tafi ganin ɗakin.

Edilma da Nemesio sun tashi a makon farko na sabuwar shekara. Motar kaya ta tsaya a mararraba, bayan turaku, direba ya kashe inji ya kwanta. Aka yi ta jidar kaya da jakuna biyu da amalanken hannu da keken Don Misael. Hawa ba ya yiwuwa da irin wannan lodi, turawa ya yi ta yi: katifa, tukwane, ƙafafun gado, keken ɗinkin Doña Tránsito. Asabar ce, 'yan keke suna ta wucewa, suna kaɗa masa ƙararrawa ya ba su hanya. Ni ma na kama musu madubi da wata kujera.

Da aka gama ɗaure kaya, yaran biyu suka rungume shi suka hau gaba. Nemesio ya miƙa masa hannu, suka gaisa ba tare da sun haɗa ido ba. Edilma ta tsaya a tsakanin turaku biyu.

“Baba, ka zo mu tafi. Akwai asibitin gwiwa a can.”

“A bene na nawa kuka ce ɗakin yake?”

“Ƙasa ne, kusa da ƙofa.”

“To keken fa, ina zan sa shi?”

“Ka ba da shi. Makullin ma ka ba wani.”

“Wa?”

Ita ma ta san ba kowa. Ta gyara masa wuyan bargo ta ce, “Na gaya wa Doña Herminda ta riƙa aiko maka ruwan zafi da safe. Kada ka ce mata ka ƙoshi.”

“Nata ya cika zaƙi.”

“Ka sha haka nan. Sa mini albarka, Baba.”

Ya yi mata alamar gicciye a goshi. Motar ta tashi. Muka komo tare a ƙafa, yana tura keke ba komai a kansa. Da muka zo bayan coci ya tsaya ya dubi bango, ya ce ruwa ya fara cin gindinsa, gobe sai ya kwaɓa ƙasa.

Edilma takan zo sau ɗaya a shekara, wata shekarar ba ta samu ba. Filin an sayar wa wani likita daga Tunja, ya gina ɗakunan kwana na 'yan keke. Yaran sun girma da maganar birni a bakinsu, ba sa son sanyin Suravita. Don Misael ya daina hawa keke, sai dai ya dogara da shi kamar sanda daga gida zuwa coci.

Bara majalisa ta yanke shawarar sa wa hanyar sunansa, aka aike ni in sanar da shi, in kuma tabbatar da yadda ake rubuta sunan. Na same shi ranar Lahadi a zaune a dakalin ƙofar coci, kekuna jingine dama da hagu. Na karanta masa takardar. Ya saurara har ƙarshe.

“Allo za su kafa?”

“E, a mararraba, kusa da turaku.”

Ya daɗe yana murza gwiwarsa.

“A can Edilma take sauka in ta zo,” ya ce. “Ka ce musu na gode, sumercé. Amma su dakata sai na mutu.”

Na mayar da saƙon yadda ya ba ni. An riga an buga allon, yana jingine a ɗakin ajiya na ofishinmu, fuskarsa na kallon bango.