Ranar da Lesieli Ta Yi Wa Nas Ƙarya

Lesieli masaƙiyar tabarma ce a tsibirinmu na Ha'apai, ƙawata tun muna 'yan mata. Hannunta da sauri, bakinta ya fi hannun, ko fasto ba ta raga masa. Mutum ɗaya ke kashe mata baki: yayanta Semisi, mai kwalekwale. A wurinmu mace ba ta zancen jikinta gaban ɗan'uwanta namiji, ko ɗakinta ba ya shiga.

Ran nan muna saƙa ta dafe gefen mararta, ta ce kafaɗarta ma na sukanta. Na ce, "Ke dai raguwa, rogon da kika narka ne." Kafin in rufe baki ta kife, leɓunanta fari fat. Mijinta bai daɗe da tafiya aikin gona Ostireliya ba, don haka Semisi ne ya sungume ta sai ƙaramin asibiti.

Nas Kalolaine ta auna ta, ta ɗaure fuska. "Lesieli, kin ga al'adarki wannan watan?"

Semisi na tsaye a kanta. Ta kau da kai. "Na gani."

Ni fa ta gaya wa ta yi ɓatan wata! Nas har ta koma zancen hanji. Sai na daka wa Semisi tsawa, "Kai, je ka duba man injin kwalekwalenka mana!" Yana fita na ce, "Ƙarya take yi, Nas."

Gwajin fitsari ya nuna ciki. Nas ta ce, "Ina tsoron a wajen mahaifa ya zauna, ya fashe, jini na zuba ta ciki. Sai babban asibiti, yanzu-yanzu."

Muka ɗora ta a kwalekwalen Semisi. Wayyo, wannan teku! Ina riƙe da ledar ƙarin ruwa, hannun Lesieli na ƙara sanyi a nawa, ina ta kiran sunanta. Semisi bai waiwayo ba ko sau ɗaya.

Da aka haska cikin, mahaifa wayam, jini ya cika marar. Likita ya shige da ita tiyata, ya cire bututun ƙwan da cikin ya zauna ya fashe. Aka nemi jini, Semisi ya miƙa hannu bai tambayi komai ba. Har yau ma bai tambaya ba.

Ta tashi, ta koma saƙarta da tsiwarta. Wata rana haushi ya ci ni, na ce saura ƙiris kunya ta kai ta kabari. Ta ajiye tabarmar, ta kira sunana.

"Ofa, na san mutuwa nake yi," in ji ta. "Amma yayana na tsaye a wurin."