Zabbin Inna

Shekarun baya, bayan mahaifiyata ta tashi daga doguwar jinya, abinci ya fita a ranta. Tuwo loma biyu, koko sai da lallashi. Abu ɗaya take ambata: farfesun zabon daji, irin wanda mahaifinta maharbi yake kawo musu tana yarinya.

Na ce ko ana ha-maza ha-mata sai ta ci.

Sai dai daji ya ƙi shiguwa. Maharba sun ajiye bindiga saboda rashin tsaro, wanda ya yi ƙarfin hali kuma 'yan gandun daji su ƙwace. Na samo busasshe a wajen wani mai banda, Inna ta ɗaga hanci. "Wa ya yanka shi? Ka san ko mushe ne?" Na sayo zabon gida, ƙamshi kawai ta ji ta ture kwanon.

Da damina abokina ya ci karo da sheƙar zabuwar daji a gonarsa, ya kawo mini ƙwan a cikin hula. Na sa wa kazarmu ta kwanta, ta ƙyanƙyashe. Ni ɗan birni, ban san ana rage musu fiffike ba. Ranar da suka ji ƙarfi suka watse bisa rufin makwabta, aka ga magidanci da gemunsa kan katangar mutane a Ƙofar Sauri yana kiran zabbi. Uku na tsira da su, da targaɗe.

Ban karaya ba. Gero, gara, fara, duk na nemo. Da na tafi aiki Inna ke watsa musu, sai ta riƙa fitowa tsakar gida da kofin kokonta, suna tsattsaga tana kurɓa, tana yi musu faɗa.

Da suka isa yanka, na wasa wuƙa ina ta murna. Ta dube ni.

"Mi za ka yi da wannan?"

"Farfesunki mana, Inna."

"Taɓa su ka gani. Maza ka ce a ƙaro mani tuwo."

Na tsaya sororo da wuƙa a hannu, sai a lokacin na lura kumatunta sun ciko. Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Har yau ina mamakin yadda na kafe kan nama, alhali abin da zai fito da ita daga ɗaki take buƙata. Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta. Jikokin zabbin nan suna nan suna hana ni barcin safe, kuma har yanzu hannuna ya kasa kai musu wuƙa.