Tsakuwa Shida a Aljihun Malam Tamimu

Duk ranar Juma'a, da an idar da sallar asuba, Malam Tamimu Kudan yakan ɗauki tsintsiya da farar malafarsa ya nufi wani fegi a bayan kasuwar kayan lambu ta Aziziya, a birnin Riyad. A tsakiyar fegin akwai dogon zirin siminti. Shi yake sharewa, ya kafa sanduna uku a kowane ƙarshe, ya lalubi aljihun dama ya tabbatar tsakuwarsa shida suna nan. Kafin rana ta fara cizo direbobi da 'yan dako da masu gadi sun taru, galibinsu 'yan Pakistan da Indiya, a fara wasan kurket. Shi ne alƙali. Duk jifa ɗaya, tsakuwa ɗaya ta koma aljihun hagu, in shidan sun ƙare wani majefi ya karɓa. Sauran kwanakin mako direba ne a wani ofishin jakadanci, shekara ashirin da huɗu ke nan. Ƙarshen watan nan za a buga masa bizar fita, ya koma Zariya gaba ɗaya.

Ni tafinta ne a wani asibiti, kuma gaskiya shayi da burodin tamis ke kai ni filin. Abin da na gane a wasan kaɗan ne. Majefi ya sheƙo da gudu ya wurga ƙwallo don ya kayar da sandunan, mai bugu ya kare su da katako. Doka ɗaya ce ke wahalar da mu Hausawa: dole hannu ya zagayo ta saman kai a miƙe, ba a lanƙwasa gwiwar hannu a cilla. Mu kuwa da jifan mangwaro muka tashi, da gwiwar muke aiki.

Malam Tamimu ya koyi wasan a makarantar sakandare, ya yi wa jiharsa jifa shekara goma sha ɗaya. Waɗanda suka gan shi a lokacin suna ce masa Harsashi. Gwiwar ƙafa ce ta sauke shi, ya bar fili ba taron bankwana, ba hotonsa a bangon kowa, ya zo Riyad ya kama sitiyari. Shakir, wani mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ɗan Lahor, shi ke ba da labarin ranar da wani baƙin direba ya tsaya kallonsu ya roƙi a ba shi ƙwallo sau ɗaya. Sun ba shi don su yi dariya. Shakir ya ce bai ga ƙwallon ba, ƙarar sandarsa kawai ya ji a bayansa. Daga wannan makon suka ce Malam Tamimu zai riƙa raba musu gardama.

Shekara uku da suka wuce Hausawa suka haɗa tasu ƙungiyar, kuma Malam Tamimu ne ya sa baki aka shigar da ita gasar. Gwarzonmu Laouali ne, ɗan Maraɗi mai dakon kwandunan tumatir, ƙato mai dogon hannu. Jifansa lafiya lau yake sai in wasa ya yi zafi, nan gwiwar takan tuna da mangwaro. Malam Tamimu ya ja masa kunne fiye da sau ɗaya.

Muka kai wasan ƙarshe da ƙungiyar Shakir. Mai bugunsu na ƙarshe ne a tsaye, maki ɗaya suke nema su ɗauki kofi. Laouali ya sheƙo ya saki ƙwallo, sanduna suka watse. Muka kwasa a guje cikin fili, har ni da kofin shayina. Sai muka ga Malam Tamimu tsaye a gefe, ya miƙe hannu ɗaya a kwance. Ya soke jifan. A doka, jifan da aka soke maki ɗaya ne ga abokan karawa, sai kofi ya tafi wurin su Shakir.

Laouali ya tako har gabansa.

"Baba, ni za ka yi wa haka? A gaban baƙi?"

"Gwiwarka ta lanƙwashe, Laouali."

"Wallahi ko Shakir bai gani ba."

"Ni na gani."

"To khalas, shi ke nan," in ji Laouali, ya jefar da hularsa ya tafi.

Wanda bai zauna a ƙasar wani ba ba zai san nauyin abin da ya biyo baya ba. A nan mutum ba shi da dangi sai mutanensa: su ne gaisuwarsa, su ne masu kai shi asibiti, su ne masu zama da shi ranar Sallah. Wata huɗu muka janye masa duk wannan. Aka yi suna biyu ba wanda ya gaya masa. Iyalinsa suna Zariya, Babbar Sallah ta zo ya ci abincinsa shi kaɗai a ɗakin direbobi. Ina cikin waɗanda suka yi, ba zan ɓoye ba. Na taɓa hango shi a wani masallaci a unguwar Nasiriya na sauya sahu, kuma har yau in na tuna kunya takan kama ni. Shi kuwa bai bi kowa da bayani ba. Juma'a ta yi, ya zo da tsintsiyarsa.

Laouali ne ya fara zuwa wurinsa, a cewarsa don ya amayar da abin da ke cikinsa. Malam Tamimu ya saurare shi har ya gama, sannan ya ɗauko guntun bututun roba ya tsaga shi biyu, ya ɗaura masa a gwiwar hannu da tsumma, ya nuna masa bango. A bakin Laouali muka ji abin da Malam Tamimu bai taɓa gaya mana ba a shekara ashirin da wani abu. A shekararsa ta biyu yana yi wa jiha wasa, wani alƙali a Legas ya soke masa jifa sau uku a jere a gaban jama'a, saboda gwiwar nan dai. Ya koma gida ya ɗaure hannunsa da tsagin gora, ya shekara yana jifan katangar gidansu har mahaifiyarsa ta gaji da yaɓe. Ya dawo ya ƙara shekara tara, ba a sake soke masa ko ɗaya ba.

"Ya ce min da alƙalin nan ya kau da kai, da wasansa ya ƙare tun a Legas," in ji Laouali. "Ni ma sai da na shekara da bututun nan."

Malam Tamimu, kai ne wanda baƙi suka yarda da idonsa fiye da nasu. Kai ne ka zaɓi ka ci Sallah kai kaɗai da dai ka ce ba ka ga abin da ka gani ba. Mun yi maka rashin adalci, ba ka taɓa tuna mana ba.

Juma'ar da ta wuce ita ce ta ƙarshe da ya tsaya alƙalanci. Laouali ya sheƙo, hannu ya zagayo a miƙe, sandar Shakir ta faɗi. Ba wanda ya ruga. Duk filin, Hausawa da 'yan Pakistan, Malam Tamimu aka juya ana kallo. Bai ɗaga hannu ba, tsakuwa ɗaya kawai ya mayar aljihun hagu. Bayan an tashi ya zuba wa Laouali duka shidan a tafin hannu.

"Daga filin makarantarmu na taho da su. Riƙe, wata rana ƙafarka za ta ce ta gaji."

Mun gode, Malam. Allah ya kai ka Zariya lafiya, ya saka maka da alheri. Duk wanda aka ba wa amanar kallo a cikinmu, a fili ko a wurin aiki, ya faɗi abin da ya gani ko da nasa ne ya yi. Laouali ya karɓi tsakuwa, amma ba wanda ya tambayi tsintsiyar. Juma'a mai zuwa, kafin shayi, ni zan share simintin.